Sinadaran Da Ba Sa Mutuwa: Wa Ke Gwada Ruwan Bakolori?

Duk mai yawo a TikTok ko Facebook a 'yan watannin nan, da wuya a ce bai ci karo da bidiyon “sinadaran da ba sa mutuwa” ba. Wata Baturiya ta ɗaga kaskon suya irin wanda abinci ba ya kamawa, ta ce a jefar da shi yau yau. Wani namu ya kwaso maganar ya juya ta da Hausa, ya tsoma wata 'yar na'ura mai kamar biro cikin kofin fiya wata, lamba ta fito, ya dubi kyamara ya ce, “Kun gani ko? Guba muke sha.” Kafin magariba an tura bidiyon a duk guruf ɗin WhatsApp na dangi.

Jama'a, sinadaran nan gaskiya ne, illarsu ma gaskiya ce. Amma wannan biron ba ya ganinsu ko kaɗan. Kuma a wurinmu 'yan Zamfara, sanin bambancin gwajin gaske da gwajin wasa ya wuce batun burge mutane a shafin sada zumunta. Jiharmu ta taɓa binne ɗaruruwan yara kafin a san abin da ke kashe su, kuma ɗakin gwaje-gwaje ne ya faɗi sunan abin. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu fahimci yadda ake gwajin nan, nawa yake ci, da kuma inda ya kamata ya zo a jerin damuwar mutanen Talata Mafara, Bakura da Maradun, waɗanda rayuwarsu ke rataye da ruwan madatsar Bakolori.

Mene ne su, kuma me ya hana su mutuwa?

Sunansu a taƙaice PFAS. Dangi ne babba na sinadaran da ɗan Adam ya ƙera, adadinsu ya kai dubbai. Abin da ya haɗa su shi ne ɗaurin da ke tsakanin kabon da fulorin, wanda yana cikin mafiya ƙarfi da masana kimiyyar sinadarai suka sani. Rana ba ta kwance shi, ruwa ba ya narkar da shi, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shara a cikin ƙasa ma sun gaza. Tun bayan da Roy Plunkett na kamfanin DuPont ya gano Teflon a 1938, masana'antu suka rungumi wannan dangi saboda yana korar ruwa da maiƙo. Ana samunsa a rufin wasu tukwane, rigunan ruwa, takardar naɗe abincin gidajen cin abinci, wasu kayan kwalliya, da kumfar kashe gobarar man fetur da ake amfani da ita a filayen jirgin sama da barikokin soja.

Duniya ta farga ne daga gonar wani makiyayi, Wilbur Tennant, a kusa da garin Parkersburg na jihar West Virginia a Amurka. Shanunsa suka riƙa mutuwa bayan sun sha daga rafin da ya biyo ta wurin zubar da sharar DuPont. Lauya Robert Bilott ya ɗauki shari'ar, kuma daga baya aka gwada jinin mutum kusan 69,000 na yankin. Kwamitin masanan da ya bi diddigin sakamakon ya danganta ɗaya daga cikin sinadaran, PFOA, da cututtuka shida, ciki har da sankarar ƙoda, sankarar 'ya'yan maraina, ciwon maƙoƙo da hawan jinin masu juna biyu. Wanda ya kalli fim ɗin Dark Waters na 2019 ya san labarin. A ƙarshen 2023 kuma hukumar binciken sankara ta WHO ta sanya PFOA a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Yarjejeniyar Stockholm, wadda Nijeriya ke cikinta, ta sa wa PFOS takunkumi a 2009, PFOA a 2019, sai PFHxS a 2022.

Kilo biyu a cikin dam guda

Ga inda wahalar gwajin take. A watan Afrilun 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ce PFOA ko PFOS kada ya wuce nanogiram 4 a cikin litar ruwan sha. Nanogiram shi ne giram ɗaya a raba shi gida biliyan.

Mu kawo lissafin gida. An gina madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, don ta riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 450, wato lita biliyan 450. Idan ka ninka wannan da nanogiram 4, abin da za ka samu shi ne giram 1,800. Ma'ana, garin sinadarin da bai kai kilo biyu ba, wanda yaro zai ɗauka a leda da hannu ɗaya, ya isa ya kai dam ɗin gaba ɗaya bakin iyakar da Amurka ta gindaya. Ruwan zai ci gaba da zama garai-garai, ba wari, ba ɗanɗano.

Kwatanta da dalma. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta ce dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, wato nanogiram 10,000. Iyakar PFOA ta fi wannan ƙanƙanta sau 2,500. To ka ga biron da ake tsomawa a kofi, shi aikinsa auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, daga nan ya ƙiyasta yawan gishiri da ma'adinan da suka narke a ciki, kuma awonsa na miligiram ne. Ko dalmar ma ba ya iya tantance ta, balle PFAS. Ruwan burtsatse mai lafiya zai iya ba da lamba babba saboda ma'adinai, ruwa mai guba kuma ya ba da lamba ƙarama. Haka ita ma na'urar nan mai sandunan ƙarfe da ake jona wa wuta ruwa ya koma ja ko kore: tsatsar sandunan ce ke narkewa a ciki, ba dattin ruwan ba ne ya fito.

Yadda ake gwajin gaske

Aikin yana farawa tun daga bakin rijiya. Ba a ɗibar samfuri a kwalbar gilashi, domin sinadaran suna maƙalewa a jikin gilashi su ɓace wa ma'auni. Ana amfani da gorar roba ta musamman, mai cin kamar mililita 250, kuma murfinta kada ya kasance da Teflon. Mai ɗibar ruwan ba ya sa rigar ruwa, yana kauce wa man shafawa da kayan kwalliya a ranar, ba ya taɓa takardar naɗe abinci, kuma yana sanya safar hannu sabuwa. Dalili? Sinadaran sun cika duniya har ta kai mai gwajin da kansa zai iya gurɓata abin da ya zo gwadawa.

Saboda haka ake tahowa da wata gora daga ɗakin gwaji ɗauke da ruwan da aka tabbatar ba shi da komai. A wurin ɗiba sai a buɗe ta, a juye ruwan a wata gorar, a rufe, ta yi tafiya tare da sauran. Idan aka je aka ga PFAS a cikin wannan gorar shaida, to an san a hanya aka kwaso shi, sakamakon ranar ya zama abin tuhuma. Sannan dole samfurin ya kasance cikin ƙanƙara har ya isa, kuma a ƙarƙashin hanyar gwaji ta EPA mai lamba 537.1, kwana 14 kawai ake da su a fara aiki a kansa.

A ɗakin gwaji, kafin komai sai a ɗiga wa ruwan wani adadi sananne na tagwayen sinadaran da aka yi wa alama da kabon mai nauyi. Su ne ma'aunin gaskiya: in an zuba ɗari aka samu tamanin a ƙarshe, an san ashirin sun salwanta a hanya. Daga nan a bi da ruwan ta cikin wani ɗan bututu mai ɗauke da garin da ke kama PFAS ya bar ruwan ya wuce. Sai a wanke bututun da sinadarin metanol, a busar da shi da iskar naitirojin har abin da ya fara a mililita 250 ya dawo mililita ɗaya tak. Wannan ɗigon ne ake ba na'urar da ake kira LC-MS/MS. Rabin farko na na'urar yana tsere da sinadaran a cikin siririn bututu, kowanne ya fito a lokacinsa. Rabi na biyu ya auna nauyin kowanne, ya fasa shi, ya sake auna ɓaraguzan. Sai lokacin fitowa da nauyi da ɓaraguzai sun yi daidai kafin a ce wannan PFOA ne.

Ƙasa ta fi ruwa wuya. Ana ɗibar ta daga wurare da dama a gona, a zurfi daban-daban, a gauraya, a ɗauki 'yan giram kaɗan, a jijjiga su cikin metanol mai ɗan amoniya don ya zaro sinadaran, a tace da garin gawayi na musamman, sannan a bi matakan da aka bi da ruwa. Hanya mai lamba 1633, wadda EPA ta kammala a 2024, ita ce ta haɗa ƙasa, laka, ruwan kwata da naman kifi, kuma tana neman sinadarai 40.

A lura da wannan lamba. Arba'in cikin dubbai. Hanyar 537.1 tana neman 18, mai lamba 533 tana neman 25. Na'urar tana ganin abin da aka ce ta nema ne kawai. Don cike giɓin, masana suna da wasu dabaru biyu: ko dai a ƙona abin da aka tattaro a auna jimillar fulorin da ya fito, ko a dafa samfurin da sinadari mai ƙarfi don ɓoyayyun 'yan dangin su rikiɗe su koma waɗanda na'ura ta sani. Don haka idan takardar sakamako ta ce “ba a gano ba”, fassararta ita ce: cikin waɗanda muka nema, ba mu ga wanda ya kai ƙarfin ganin na'urarmu ba. Wannan daban yake da a ce babu.

Kuɗin fa? Na'urar kanta ta ɗaruruwan dubban daloli ce, tana son wutar da ba ta ƙiftawa, ɗaki mai sanyi, da ƙwararren da ya san ta. A Amurka gwajin gora ɗaya yana cin ɗaruruwan daloli. Ku juya shi zuwa naira, ku ƙara kuɗin ƙanƙara da mota daga Maradun, a hanyar da kowa ya san halin tsaronta.

Mu mun riga mun san guba mai dawwama

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Yaro ya fara amai, ya shiga jijjiga, ya tafi. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi ba. Tun kafin nan mutanen ƙauyukan sun ga agwaginsu suna ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai da aka aika jinin yaran ɗakin gwaji a Turai aka san dalma ce, daga duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje.

Da masana daga hukumar CDC ta Amurka da kamfanin TerraGraphics suka iso, sun zo da na'urar hannu mai suna XRF, wadda ake ɗora wa ƙasa ta harba haske ta faɗi yawan dalma cikin abin da bai wuce minti ɗaya ko biyu ba. A wasu wuraren ta nuna sama da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar Amurka ta wancan lokacin ga wurin wasan yara 400 ce. Wato a nauyi, kashi ɗaya cikin goma na ƙurar dalma ce zalla. 'Yar na'urar gwajin jini ta LeadCare, wadda iyakar karatunta 65 ne, ta riƙa cikewa har sai an sirka jinin kafin a samu lamba. A ƙauyuka biyu da CDC ta bi gida-gida, kusan yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Jimilla, yara aƙalla 400 suka tafi.

Dalma ma ba ta ruɓewa. Maganin da aka yi shi ne kankare saman ƙasar gidaje, a kwashe a binne, a zubo sabuwa. Kuma ga abin da ya shafe mu kai tsaye: garin Bagega ya daɗe yana jiran kuɗin wannan aiki, har sai da matasa irin su Hamzat Lawal na ƙungiyar Follow The Money suka tayar da gangamin #SaveBagega a Twitter, aka saki kuɗin a farkon 2013 zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. Abin da ya ba gangamin ƙarfi shi ne lambobi a hannu: yara nawa, dalma nawa, kuɗi nawa. Babu jami'in da ya iya musun sakamakon gwaji.

Duk da haka, a 2024 mun sake jin kalmar “baƙuwar cuta”, da farko a Isa ta jihar Sakkwato, sannan a Maradun, Shinkafi da Gusau: yara da kumburin ciki, zazzaɓi da kasala. Hukumar NCDC ta yi zargin gubar ƙarafa masu nauyi, kuma samfuran sai da aka yi tafiya da su manyan birane masu nisa. Shekara 14 bayan Dareta, tsarin bai sauya ba: sai yara sun kwanta ake neman ɗakin gwaji.

To me ya haɗa Bakolori da PFAS?

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Zamfara ba ta da masana'antar ƙera waɗannan sinadarai, kuma duk wanda ya ce maka PFAS ne babbar barazanar ruwan Bakura, ka ce ya nuna maka takarda. Binciken da Omotayo Sindiku da Farfesa Oladele Osibanjo na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsu suka wallafa a 2013 ya samu sinadaran a lakar ruwan kwata a kudu maso yammacin Nijeriya, amma a matakin da ya yi ƙasa da na ƙasashe masu manyan masana'antu. A jerin abubuwan da za su iya kwantar da yaro a yankinmu bana, kwalara, dalma, zaibar da masu haƙo ke kama zinare da ita, da ragowar maganin feshi duk suna gaba.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ya tsayawa inda aka zubar da shi. Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bunguɗu ya kwaso abin da ya kwaso na bola da kwata, kafin ya taru a Bakolori. Daga nan magudanai su raba shi ga gonakin noman rani na Maradun, Talata Mafara da Bakura, a shirin da aka tsara don hekta 23,000. Shinkafar da ake ci, kifin da ake kamawa, nonon shanun da ke sha a bakin magudana, duk daga ruwa ɗaya suke. PFOS kuwa an san shi da taruwa a jikin kifi, kuma idan ya shiga jinin mutum yana ɗaukar shekaru kafin rabinsa ya fita.

Akwai ƙofofi uku da ya kamata a sa wa ido. Ta farko jarkokin maganin feshi: a 2021 EPA ta tabbatar cewa wasu jarkokin roba da aka gyara cikinsu da fulorin suna zubar da PFAS cikin maganin da ke ciki, mu kuwa mun san inda jarkar feshi ke ƙarewa idan ta ƙare, wajen ɗebo ruwa ko zuba manja. Ta biyu takin bola da manoma ke saya a kai gona, cike da leda da takardun naɗe abinci. A jihar Maine ta Amurka takin lakar kwata ne ya lalata gonakin kiwo har jihar ta haramta shi a 2022. Ta uku kumfar kashe gobara, musamman yanzu da aka ƙaddamar da aikin filin jirgin saman Gusau a 2024. Lokacin da ya fi dacewa a gwada ruwan unguwannin da ke kewaye da irin wannan wuri shi ne tun da wuri, domin a samu abin kwatantawa nan da shekara goma.

Abin da ya dace mu nema

Ba na cikin masu cewa gwamnatin jiha ta sayo LC-MS/MS gobe. Za a yi bikin buɗewa, a ɗauki hoto, wuta ta ɗauke, ƙura ta rufe ta. Tsarin da ya fi hankali hawa biyu ne.

Hawa na farko a gida. Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, Bakura tana da kwalejin aikin gona, Gusau tana da Jami'ar Tarayya. Na'urar XRF ta hannu, na'urar gwajin dalma a jini, da kayan gwajin ƙwayoyin cuta a ruwa ba su fi ƙarfin waɗannan makarantu ba idan an so. A horar da ɗalibai su riƙa bin rijiyoyi, burtsatse da magudanai sau biyu a shekara, rani da damina. Tun da aka ɗage haramcin haƙar ma'adinai a jihar a Disambar 2024, bayan shekara biyar, wannan ya zama wajibi.

Hawa na biyu a waje. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, wadda dam ɗin ke hannunta, tare da NESREA da ma'aikatar muhalli ta jiha, su ɗebi samfurin ruwa, laka da kifin Bakolori ko da sau ɗaya ne a 'yan shekaru, a aika ɗakin gwajin da ke da shaidar ƙwarewa a PFAS, a gida ko a ƙetare. Sannan, kuma wannan shi ne muhimmi, a wallafa sakamakon da Hausa, a karanta a rediyo, a liƙa a fadar sarki da sakatariyar ƙaramar hukuma. Ƙa'idar ruwan sha ta ƙasa, wadda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ita ma lokaci ya yi da za a sake duba ta da idon waɗannan sinadarai.

Mu kuma masu waya a hannu, kafin ka tura bidiyon “an gano guba”, yi tambaya biyar. Wane ɗakin gwaji ne? Wace hanya suka bi? Sinadarai nawa suka nema? Mene ne mafi ƙanƙantar abin da na'urarsu ke iya gani? Ina sakamakon gorar shaida? Mai sayar da matatar ruwa da ya kasa amsa ko ɗaya, kasuwarsa yake ci da tsoronka. A sani kuma, tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, don haka a ci gaba da yi, amma ba ya cire PFAS ko dalma. Masu rage PFAS su ne matatar gawayi na musamman da matatar da ke matsa ruwa ta cikin siririyar fata, wadda masu fiya wata ke kira RO, su ma sai ana canza su a kan lokaci.

Abu mafi sauƙi da kowa zai iya yi yau ba ya buƙatar ko sisi: duk jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, a huda ta, kada ta sake ganin ruwan sha. Wanda ke da ɗan'uwa mai aikin zinare a Maradun ko Anka, ya tuna masa kada ya shigo da dutse ko kayan aikinsa inda yara ke rarrafe. Sauran kuma, mu tambayi kansilanmu da ɗan majalisarmu a bainar jama'a, a ƙarƙashin hotunan da suke ɗorawa: yaushe aka gwada ruwan mazaɓarka, kuma ina takardar? Allah Ya kare mana yaranmu, Ya ba mu shugabannin da za su auna kafin a yi jana'iza.